Ba Kowa Ake Ce Wa Ya Rufe Ido Ba: Martani Kan Zaman Natsuwa Da Ciwon Firgici

Malam, na karanta maƙalarka sau biyu. Karon farko da murna na karanta ta, domin ba kullum ake samun wanda zai ɗauki alƙalami a kan ciwon da ba ya fitar da jini ba. Karo na biyu na karanta ina tuna gwaggona, sai murnar ta ragu, har na ga shiru ba zai yi ba.

Bari in maimaita abin da ka ce, don kada a ce na yi maka ƙari. Ka ce mutanenmu da suka tsira daga hare-hare da garkuwa suna yawo da tsoro a daskare cikin jikinsu, kuma hanyar narkar da shi ita ce zaman natsuwa: mutum ya samu wuri, ya zauna, ya rufe ido, ya bi numfashinsa yana shiga yana fita, minti 20 da safe, 20 da yamma. Ka ce ba ya cin ko sisi, ba ya buƙatar likita, ba shi da illa ko kaɗan. Ka ba da shawarar a horar da matasa na 'yan kwanaki a tura su sansanonin 'yan gudun hijira su koyar. Ka rufe da cewa ai ba baƙon abu ba ne, zikirinmu ne Turawa suka sake wa suna.

Ban musa cewa tsoro yana zama a jiki ba. Tun kafin likitocin Amurka su sa wa wannan ciwo suna a kundinsu a 1980, Bahaushe ya san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da na musa shi ne cewa ba shi da illa, da kuma cewa kowa ya dace da shi.

Gwaggo ta zo gidanmu ne bayan an shiga ƙauyensu da dare. Ta kwana a cikin gonar dawa, kwance rub da ciki, hannunta a bakin jikanta, ita kanta tana riƙe numfashi duk lokacin da hasken tocila ya gifta. Allah ya kuɓutar da su. Amma matar da ta iso mana ba ita ce wadda muka sani ba. Ba ta zama sai tana fuskantar ƙofa. Ƙarar babur a layi tana sa ta zubar da abin da ke hannunta. Ba ta barci sai da fitila. Wata rana ƙanwata, da kyakkyawar niyya, ta ce mata, “Gwaggo, zo in koya miki wani abu da na gani a waya, zai kwantar miki da hankali.” Ta zaunar da ita a tabarma, ta ce ta rufe ido, ta saurari numfashinta kawai. Ba a yi minti biyu ba Gwaggo ta zabura, gumi ya jiƙe mata riga, tana kiran sunan yaron, tana cewa tana jin warin hayaƙi. Kwana uku ba ta runtsa ba.

Ka duba abin da aka umarce ta da shi. Duhu, shiru, rashin motsi, da sauraron numfashi. Waɗannan huɗun su ne ainihin daren da take gudu. Ƙanwata ta zaci ɗaki mai sanyi ta buɗe mata, ashe gonar dawar ta mayar da ita.

Za ka iya cewa labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, kuma ka yi gaskiya. To mu je ga waɗanda suka ƙirƙiro abin da kake tallatawa, mu ji me suka gano.

Tsarin da ya yaɗu a asibitocin Turai da Amurka ya samo asali ne a 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts. Ya ɗebo dabarun mabiya addinin Buddha, ya cire musu rigar addini, ya tsara su mako takwas: haɗuwa sau ɗaya a mako tare da malami, da aikin gida na kusan minti 45 a kullum. Waɗanda ya fara da su galibi masu ciwon jiki ne da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da masu gajiyar rayuwa. Ba waɗanda aka yanka 'yan'uwansu a gabansu ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma ko sau ɗaya ba ka ambace shi ba.

An gwada tsarin a kan masu ciwon firgici daga baya. A 2015 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wani bincike da aka yi da tsofaffin sojoji 116 a Minneapolis. An raba su biyu, rabi suka yi zaman natsuwa, rabi suka yi zaman tattaunawa a rukuni kan matsalolin yau da kullum. Bayan wata biyu da gamawa, kashi 49 cikin 100 na masu zaman natsuwa sun samu sauƙi na a zo a gani, su kuwa ɗaya ɓangaren kashi 28. Wannan adadin ne masu talla suke ɗauka su tsaya. Amma a cikin binciken nan dai, da aka duba su wa suka rabu da ciwon har likita ya cire musu sunansa, sai aka samu kashi 53 da kashi 47, tazarar da masu binciken kansu ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Wato yana rage raɗaɗi ga wasu. Bai zama maganin da ka zana mana ba. Kuma sojojin nan suna zaune ne a gari mai zaman lafiya, da ƙwararru a kansu, da likita a ƙofa ta gaba.

Batun illa kuwa, akwai wata malama a Jami'ar Brown, Willoughby Britton, wadda ita kanta mai yin wannan zama ce, ba abokiyar gabarsa ba. Ita da abokin aikinta Jared Lindahl sun yi hira mai zurfi da mutum 60 da suka daɗe suna yi kuma suka gamu da wahala, suka buga sakamakon a 2017. Abin da mutanen suka ba da labari ya haɗa da tsoro mai tsanani, rashin barci, jin kamar jikinka ba naka ba ne, da dawowar tsofaffin abubuwan firgici kamar yanzu suke faruwa. Adalci ya sa in ce da gangan aka nemo waɗanda suka sha wuya, don haka wannan ba ya nuna yawansu a cikin jama'a. Shi ya sa a 2021 ta sake bin mutum 96 da suka yi irin tsarin mako takwas ɗin nan. Fiye da rabinsu sun ce sun ji wani abu mara daɗi da ke da alaƙa da zaman, kuma tsakanin kashi 6 zuwa 14 cikin 100 illar ta daɗe tare da su. Malam, da ƙwaya ce ta kanti take yin haka, da an rubuta gargaɗi a jikin kwalinta.

Su ma masu abin ba su taɓa cewa babu haɗari ba. A ƙarni na 18 wani babban malamin Zen a Japan mai suna Hakuin ya rubuta yadda tsananta zama ya jefa shi cikin wata cuta da ta kusa ƙarar da shi, har ya tafi neman wanda zai warkar da shi. Kalmar “ba illa” ta 'yan kasuwar manhajar waya ce, ba ta masu gadon abin ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, aikinsa gadi. In ya hangi haɗari sai ya kaɗa ƙararrawa, zuciya ta hau bugu, tsoka ta ɗaure, numfashi ya gajarce, duk kafin tunani ya ce uffan. Ga wanda ya sha firgici, mai gadin nan ya daina bambance ɓarawo da maƙwabci. Abin da ke ɗan riƙe shi a hankali shi ne shaidar ido da kunne cewa yanzu yanzu ne, nan gida ne, ga bango, ga buta, ga muryar yara. In ka ce a rufe ido, ka cire wannan shaida. In ka ce a bi abin da jiki ke ji, ka tura mutum ya saurari bugun zuciyar da ke tuna masa da daren. Wanda aka shaƙe, ko wadda aka yi wa fyaɗe aka toshe mata baki, numfashi ba mafaka ba ne a gare su.

Akwai kuma wata illa da ta fi wannan wuyar ganewa, ita ce ta fi ba ni tsoro game da matasan da kake son turawa. Ba kowane mai firgici ne yake zabura kamar Gwaggo ba. Wani sandarewa yake yi. Jikin yana zaune, mai shi ya fice, ba ya jin komai, ba ya nan. Yaron da aka horar kwana biyar zai dubi matar da ta yi tsit ta daina motsi, ya ce madalla, wannan ta fi kowa iyawa. Ya rubuta a rahoto cewa an samu nasara. Ita kuwa ta koma inda ta saba ɓuya ne tun ranar da abin ya faru, kuma an yaba mata a kan haka.

Ko a inda babu yaƙi, yaɗa abin ga kowa da kowa bai haifar da ɗa mai ido ba. A Birtaniya an gwada koyar da shi a makarantun sakandare fiye da 80, yara sama da 8,000, aka fitar da sakamako a 2022. Bai fi darussan da aka saba ba wajen kare lafiyar tunanin yaran, yawancinsu ma ba su yi aikin gidan ba. Can da malamai da kuɗi da natsuwa ke nan.

Yanzu in zo kan maganar da ta fi taɓa ni, cewa zikirinmu ne aka sake wa suna. Ina ganin a nan ka yi wa ɓangarorin biyu rashin adalci. Mai zikiri ba numfashinsa yake kallo ba, Ubangijinsa yake ambato, harshe na motsi, yatsu na jan carbi, sau da yawa a cikin da'ira, kafaɗa da kafaɗa, da murya da amo. Wanda ya taɓa zama a wazifa bayan magariba ko zikirin Juma'a ya san ba kaɗaici ba ne. Abin da ya yi kama da zaman da kake nufi shi ne halwa, kuma ka fi ni sanin yadda malaman ɗariƙa suke tsaurara ta. Ba a shiga sai da izini. Shehu ne ke yanke kwanaki da adadin wuridi, shi ake kai wa labarin abin da aka gani ko aka ji, shi ke cewa fito ya isa. Kowace unguwa tana da labarin wani da ya ɗauki wuridi mai nauyi ba muƙaddami, ya kulle kansa a ɗaki, ya fito ya taɓu. Ko ka yarda da fassarar da ake yi wa dalilin ko ba ka yarda ba, gargaɗin ɗaya ne da na malamar Brown: shiga cikin kai tafiya ce mai rami, ba a yin ta ba jagora, kuma ba kowa ake ba izini ba. In har za ka jingina da gadonmu, to ka ɗauke shi da sharuɗɗansa.

Kuma gadon nan yana da wani darasi da ya fi kusa da batunmu. Dubi yadda muke yi da wanda aka yi wa rasuwa. Ba a barinsa shi kaɗai a ɗaki. A zauna da shi kwana uku, a kawo abinci, a sa shi ya maimaita yadda abin ya faru ga kowane mai gaisuwa har labarin ya daina yanka shi kamar farko. Mai takaba wata huɗu da kwana goma mata na leƙa ta. Kakanninmu ba su ce wa mai baƙin ciki ya rufe ido ba. Cika masa ido suka yi da mutane.

Abin mamaki, inda binciken zamani ya fi ƙarfi ke nan. Likitar nan Judith Herman ta tsara a 1992 cewa warkewa daga firgici hawa uku ne: aminci tukuna, sannan tunawa da makoki, sannan komawa cikin jama'a. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarinta, inda ta sa a gaba hanyoyin da ake fuskantar abin da ya faru sannu a hankali tare da wanda aka horar, ta kuma yi kashedi da ba wa wanda abin ya same shi ƙwayoyin kwantar da hankali irin su baliyam. A sansanin Imvepi da ke Yuganda an gwada wata hanya da 'yan gudun hijirar Sudan 43, aka buga a 2004. Mutum zai zauna da mai sauraro ya jero tarihin rayuwarsa tun daga haihuwa, daɗi da wuya, ana rubutawa, har daren firgicin ya samu gurbinsa a jerin kwanaki, ya zama abin da ya wuce. Zama huɗu kacal. Bayan shekara guda kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta wannan hanya ne suka rage da ciwon, alhali a rukunoni biyu da ba a bi da su ta hanyar ba kusan kashi 80 ne. Adadin mutanen kaɗan ne, na sani, amma an maimaita hanyar a wasu ƙasashe, kuma mutanen da aka yi da su sun fi kama da namu fiye da tsofaffin sojojin Minneapolis.

Mu ma nan gida muna da abin tunawa. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda mara lafiya ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Duniya ta zo ta koya a wurinsa. Ginshiƙin tsarin shi ne kada a raba mai ciwo da mutane.

Kada ka ɗauka ina cewa a watsar da numfashi da natsuwa. Fitar da numfashi a hankali, a ja shi ya fi shigarsa tsawo, yana rage bugun zuciya, wannan sananne ne. Bessel van der Kolk, wanda na ga ka dogara da littafinsa na 2014, ya buga sakamakon wani gwajin yoga da mata 64 a 2014 ɗin, kuma kashi 52 cikin 100 na masu yogar sun fita daga ma'aunin ciwon bayan mako goma, rukunin da bai yi yogar ba kuwa kashi 21. Amma ka duba irin yogar. Motsi ne, ba sandarewa ba. Ba a taɓa jikin kowa. Ba a ba da umarni, sai dai a ce in kin ga dama. Wadda aka ƙwace wa iko da jikinta, abin da ake mayar mata shi ne zaɓi. Haka kuma shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada da mata 694 'yan Sudan ta Kudu a arewacin Yuganda, aka buga a 2020, yana da darasin natsuwa a ciki, kuma ya rage musu damuwa. Sai dai a rukuni ake yi, zama biyar, kuma babban darasinsa shi ne in guguwar tunani ta taso, ka taka ƙasa da ƙafarka, ka duba kewaye, ka lura da abin da kake gani da abin da kake ji. Fitowa waje ake koyarwa, ba nutsewa ciki ba. An kuma tace waɗanda ciwonsu ya yi tsanani tun kafin a fara. Wannan zan sa hannu a kai. Ba shi ka rubuta ba.

Na fahimci abin da ya tura ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a yankunan da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar tunani. Ka ɗora wannan a kan Borno tun 2009, ka ƙara Zamfara da Katsina da Sakkwato da Difa da Maraɗi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, asibitocin kuma ana ƙirga su da yatsu, irin su na Maiduguri, Barnawa, Kware da Dawanau. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ma sai a Janairun 2023 aka sa mata hannu, ta maye gurbin ta 1958. Wanda ya ga wannan giɓi dole ya nemi abu mai araha, ya ce da babu gara ba daɗi. Amma karin maganar nan tana aiki ne in abin ba ya cutarwa. Kuma ina jin tsoron wani abu: maganin da ba ya cin kuɗi yana yi wa masu mulki daɗi ƙwarai. In aka yarda cewa warakar tana cikin ƙirjin mai ciwo, numfashi kawai zai ja, to an sauke wa kowa nauyi. Matar da ba ta san ko za a dawo daren yau ba, tsoronta ba cuta ba ce, labari ne na gaskiya jikinta yake ba ta. Ba a ce wa mai gadi ya kwanta alhali ɓarayi na bayan katanga. In ta kasa natsuwa kuma, sai a ce ba ta dage ba, kamar yadda wasu ke ce mata ba ta da tawakkali, wasu kuma su ce iska ce. Laifi dai kullum ya dawo kanta.

In da gaske za a horar da matasan nan, Malam, a fara koya musu sauraro, da gane wadda ta sandare, da sanin wanda ya fi ƙarfinsu a miƙa shi asibiti, da barin kowa ya zauna inda yake ganin ƙofa, ido a buɗe, ya tashi in ya ga dama. A sa musu wanda zai riƙa bibiyarsu. Wannan ba aikin kwana biyar ba ne, kuma yana cin kuɗi.

Gwaggo ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma ba ta hanya ɗaya ba. Mun kai ta asibiti, ta samu wata ma'aikaciya mai haƙuri da take zama da ita duk mako biyu. Mahaifiyata ta daina hana ta aiki, ta bar mata surfe da tankaɗe, domin mun lura in hannunta na motsi hankalinta ya fi zama wuri ɗaya. Wata maƙwabciya da ita ma ta baro ƙauyensu ta riƙa zuwa da la'asar, suna tsinkar zogale suna ba juna labarin da ba sa iya ba mu. Bayan kusan shekara, wata rana da asuba na same ta a kan sallaya bayan ta idar, carbi a hannu, idonta a rufe. Ba wanda ya ce ta rufe. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi motsi ba har ta shafa. Da ta juyo ta gan ni sai ta ce, “Kai ne? Ai na ji takunka tun daga zaure.”